Hoton bakan gizon Dala da ake yawo da shi: gaskiya ne ko haɗi?

Ɗan Dala:
Salamu alaikum 'yan zaure. Ga wani hoto da ake ta turawa tun jiya, an ce daga saman Dala aka ɗauke shi da yammacin Talata. Rana ta yi jawur tana faɗawa bayan Goron Dutse, ga bakan gizo ya kewaye ta daga wannan gefe zuwa wancan. Tabarakallah! Ni dai ban taɓa ganin hoton Kano da ya kai wannan ba. Shawarata mu ɗora shi a fuskar zaure na wannan watan.

Maman Ikram:
Wa alaikumus salam. Kai, masha Allah, ya yi kyau. Wa ya ɗauka? A nemi izininsa tukuna.

Ɗan Dala:
Ban san mai shi ba Anti, a wani zauren na gani.

Malam Na Samaru:
Ɗan Dala, ka yi haƙuri zan ɓata maka lissafi. Hoton nan haɗi ne, kuma ba sai an kai shi kwamfuta an bincika ba. Rana da bakan gizo ba sa zama gefe ɗaya a sama. Duk wanda ya taɓa ganin bakan gizo, rana tana bayan ƙeyarsa a lokacin, ko ya lura ko bai lura ba. Hasken rana ne yake shiga ɗigon ruwan sama, ya lanƙwasa, ya bugi bangon ɗigon ta ciki, ya dawo wajen mai kallo, launuka su rarrabu a hanya. Tunda dawowa hasken yake yi, dole ruwa yana gabanka, rana tana bayanka. Da yamma a gabas ake neman bakan gizo, da safe a yamma. Wanda ya tsaya kan Dala yana fuskantar Goron Dutse da almuru, in ma akwai bakan gizo a ranar, to yana can bayansa ta wajen Fagge.

Ku duba inuwar bishiyar da ke ƙasan hoton kuma, ta taho wajen mai ɗauka. A hoton gaskiya inuwoyi duk tsakiyar bakan suke nufa, domin tsakiyar tana daidai inda inuwar kan mai kallo take.

Auta:
To Malam sai me? Hoto dai ya yi kyau, mutane sun ji daɗi, sun ce Tabarakallah. Ba labarai muke kawowa ba, ba kotu za mu kai shi shaida ba. Duk hoton da ake sawa a zauren nan akwai wanda bai bi ta manhajar gyaran hoto irin Snapseed ko Lightroom ba? Kowa na taɓawa, wasu dai sun fi iya ɓoyewa.

Ɗan Dala:
Malam, da girmanka, ni da idona na taɓa ganin launuka sun kewaye rana a garin nan. Wajen ƙarfe 11 na safe ne, mutane suka fito kan titi suna ta kallo, har wasu na kabbara. Wannan ba bakan gizo ba ne?

Malam Na Samaru:
Ban musa ka gani ba, ana ganinsa. Amma wani abu ne daban. Zobe ne da ke fitowa in akwai siririn girgije can sama ƙwarai, inda sanyi ya sa ruwan ya zama ƙananan ƙanƙara. Tazarar zoben daga rana digiri 22 ce, launinsa dishi-dishi, kuma ja yana ta ciki, wajen rana. Bakan gizo kuwa digiri 42 ne daga tsakiyarsa, ja yana ta waje, shunayya ta ciki. Yanzu koma ka duba hoton da ka turo: ja a waje, launuka sun turu kamar an shafa fenti. Bakan gizo ne na gaske aka yanko daga wani hoton aka manna a inda ba ya zama.

Ɗan Dala:
Allah mai iko ne a kan komai dai.

Almajirin Zaure:
Haka ne Ɗan Dala, babu mai ja da wannan. Amma Shi ne Ya tsara abin a kan wannan ƙa'ida, kuma tsarin ma aya ce. Ba a kare hoton waya da ikon Allah.

Baba Mai Hoto:
Auta, zo nan ɗana, da kai nake. Na fara sana'ar nan tun ana loda fim mai 36 a kyamara, ka ɗauka ba ka san abin da ka samu ba sai an wanke. Kada wani ya gaya maka a da ba a gyara hoto. Muna gyarawa. A ɗakin duhu muna tare haske da hannu a wani gefe, mu ƙara wa wani gefen. Amarya in tana da tabo a fuska, da fensir ake bi a kan fim a shafe shi. Har kala muna shafa wa hoton baƙi da fari da ɗan buroshi. Saboda haka ni ba na cikin masu cewa taɓa hoto haramun ne.

Amma akwai gyara, akwai ƙari. In miya ta yi lami ka ƙara gishiri, miyarka ce. In ka ɗebo ta maƙwabta ka juye a kwanonka ka ce kai ka dafa, wannan wani zance ne. Abin da yake wurin, kyamara ta kasa kamawa yadda ido ya gani, ka fito da shi, wannan aikinka ne. Abin da ba ya wurin ka kawo ka sa, sannan ka rubuta "Dala, ranar Talata", ka yi wa mutane ƙarya, ko da ƙaryar mai kyau ce.

Kuma bari in ba ku labarin da zai ba ku dariya. Lokacin da injinan wanke hoto mai kala suka zo, in ka kai musu faɗuwar rana, injin sai ya ga ja ya yi yawa, ya ɗauka kuskure ne, ya "gyara" maka. Ka karɓo hotonka ya koma ruwan toka. Sai ka tsaya a kan mai injin ka ce masa ya bar jan nan yadda yake. Yau wayoyinku abin da suke yi ke nan, babu dai wanda za ku tsaya a kansa.

Auta:
Yauwa Baba, ka kawo ni inda nake so. Ita kanta wayar kafin ta nuna maka hoto ta riga ta yi editin. Danna ɗaya kake yi, ita kuma ta ɗauki hotuna da yawa, mai haske da mai duhu, ta haɗe su, shi ne HDR ɗin. Ta ƙara kala, ta goge hatsi-hatsin duhu. Tecno da Samsung da iPhone ku jera su wuri ɗaya su ɗauki rana ɗaya, kala uku za ku gani. To wanne ne gaskiyar? In injin ya yi babu laifi, in Auta ya yi da yatsansa ya zama maƙaryaci?

Baba Mai Hoto:
Duk ukun babu wadda za ta sa maka bakan gizo a yamma da magariba.

Maman Ikram:
Hhhh Baba ya gama magana. Amma Auta yana da gaskiya a abu ɗaya. Ni abin da ke ba ni haushi ke nan, in ga sama ta yi ja kamar garwashi daga saman benenmu a Kaduna, in ɗaga waya, hoton ya fito fari fat, rana ta zama wani farin tabo. Dole in shiga in ƙara kala, in ba haka ba babu abin nunawa.

'Yar Yamai:
Anti, wannan tun wajen ɗauka ake maganinsa. Waya tana ganin ƙasa da gidaje sun yi duhu, sai ta buɗe ido don ta haska su, sama kuma ta ƙone. Ki taɓa sikirin a kan sama, kusa da rana amma ba a kanta ba, ki riƙe har ya kulle, sannan ki ja alamar hasken nan ƙasa har jan ya dawo. Gidaje da bishiyoyi za su koma baƙi, ki bar su, baƙin nan shi ne adon hoton. In wayarki tana da wurin saitin hannu, ki cire daidaita launi daga na kai-tsaye ki sa a alamar girgije. Kuma ki goge gilashin kyamara da gefen mayafi kafin komai, rabin hazon da muke gani a hotunan zauren nan maiƙon yatsa ne.

Mu nan Yamai kogi ya yi mana gata. In ka samu wuri a bakin ruwa kana kallon Gadar Kennedy, ga masu kwalekwale suna dawowa, rana biyu kake samu, ta sama da ta cikin ruwa. Sai dai a kula, ba ko'ina ake yarda a ɗaga kyamara ba, musamman kusa da gada da gine-ginen hukuma. A tambaya kafin a ɗauka.

Basakkwace:
Ni tambaya gare ni ga Malam. Tun muna yara tsohinmu na hwaɗin bakan gizo shanye ruwa ya kai. In hadari ya haɗu munka ga ya hito, sai manoma su ce shi ke nan, yau babu ruwa. Kuma wallahi sau da yawa hakan na zama. Mi ag gaskiyar wannan?

Malam Na Samaru:
Tsofaffi sun lura da abu na gaske, dalilin ne suka ba shi wani. Bakan gizo ba ya fitowa sai rana ta samu kafar haskawa. In hadari ya rufe sama ruf, irin mai kwana yana zuba, babu rana balle baka. Ganinsa yana nufin ruwan yanki ne, yana zuba a wani wuri, wani wurin sarari. Irin wannan ruwan yakan ratse ta gefe ko ya ƙare kafin ya iso. Ba shi ya shanye ba, shi dai ba ya zuwa sai a irin ranar.

Akwai kuma abin da ya shafe mu masu ɗaukar hoto. A ƙasashen Turai yawancin ruwansu daga yamma yake tahowa, shi ya sa duk shawarar da za ku karanta a intanet cewa take a jira ruwa ya wuce da yamma sannan a duba gabas. Mu namu hadarin daga gabas yake tasowa ya yi yamma, kowane yaro ya san wannan. Ke nan da la'asar, lokacin da gabas ta yi baƙi, yamma kuma rana na nan tas, a nan ne damarmu take, kafin ruwan ya iso. In ya wuce kanmu ya yi yamma, sau da yawa shi ne zai rufe ranar. Wanda aka yi wa ruwan asuba kuwa, ya fito da hantsi ya duba yamma.

Almajirin Zaure:
Malam, ka ce digiri 42. Mu da ba mu da abin awo fa?

Malam Na Samaru:
Kai ma kana da shi, kuma kai ka fi kowa saninsa a zauren nan. Yaushe la'asar take shiga?

Almajirin Zaure:
In inuwar abu ta kai tsawonsa, ban da inuwar da ta rage lokacin zawali.

Malam Na Samaru:
To inuwa tana kai tsawon abu ne in rana tana digiri 45 daga ƙasa. Bakan gizo kuma ba ya leƙowa saman ƙasa sai rana ta sauko ƙasa da 42. A Kano, da ke kan digiri 12 arewa, wajen 21 ga Agusta rana tana bi ta tsakar ka, inuwar zawali kusan babu. Rana tana tafiyar digiri 15 a awa. Ka ga tsakanin shigar la'asar da lokacin da baka zai iya fitowa kamar minti 12 ne kawai. A tsakiyar damina, in an idar da la'asar, an buɗe kasuwar bakan gizo. Da farko kansa kawai za ka gani can ƙasa-ƙasa, rana na sauka yana tashi, dab da faɗuwa ya zama cikakken rabin da'ira. Wanda ya turo muku hoton doguwar baka ya ce da azahar ya ɗauka, ku tambaye shi a ina ya tsaya. Sai dai in daga sama yake kallon ƙasa, kamar jirgi, ko feshin ruwa kamar na magangarar ruwa ta Gurara, ko tiyon masu wankin mota.

Almajirin Zaure:
Allahu Akbar. Wannan ya shige ni.

Malam Na Samaru:
Kuma kada a ɗauka ilimin Turawa ne zalla. A farkon ƙarni na 14 Kamaluddin al-Farisi, a Tabriz ta ƙasar Farisa, ya cika ƙwallon gilashi da ruwa a matsayin babban ɗigo, ya sa a ɗaki mai duhu ya bi hanyar hasken. Shi ya nuna cewa bugu ɗaya a cikin ɗigo ke ba da baka na farko, bugu biyu ke ba da na biyu. A daidai wannan zamani wani malamin coci a Jamus, Theodoric na Freiberg, ya kai ga haka ba tare da sun san juna ba. Masanin Faransa Descartes ya zo ya yi lissafin kusurwar a 1637.

Na biyun nan ku riƙa nemansa, yana sama da na farko, wajen digiri 51, launukansa a juye, ja a ciki. Tsakaninsu sama ta fi duhu, cikin na farko kuma ta fi haske. Masu haɗa hoto nan suke faɗuwa, sai su kwafi baka ɗaya su ɗora sau biyu, launuka a jere iri ɗaya.

Auta:
An gode da darasi, yanzu na san yadda zan haɗa nawa ba a kama ni ba.

Maman Ikram:
Auta Allah Ya shirye ka.

'Yar Yamai:
Ƙari kan maganar Malam: faɗin baka daga gefe zuwa gefe digiri 84 ne, babbar kyamarar waya ba ta cinye shi. A koma kyamara mai faɗi, wato 0.5, in wayar na da ita, in babu a yi fanorama, wato a ɗauka ana juya wayar daga gefe zuwa gefe. Kuma a nemo abin da ƙafar bakan za ta sauka a kai, hasumiya ko kuka ko rumbu. Baka shi kaɗai a sama babu ƙasa, kowa na da irinsa. Masu tabarau mai kashe ƙyalli su gwada sa shi gaban kyamara suna juyawa a hankali, a wani juyin launin zai turu, a wani ya ɓace gaba ɗaya.

Almajirin Zaure:
Tunda an zo nan, ina da ƙorafi, kuma ba da kowa nake ba. Hotunan da aka fi yabo a zauren nan, masu ja da shunayya bayan rana ta ɓace, duk mun san lokacin da ake ɗaukarsu. Ladan yana kira, mutum yana kan bene yana neman kusurwa. A karatun Malikiyya da muka taso da shi, magariba ba ta da yalwar lokaci irin na sauran salloli, da rana ta faɗi ake yin ta. Jan nan da kuke bi shi ne shafaƙi, ɓacewarsa ce shigar lisha.

Baba Mai Hoto:
Gaskiya ka faɗa, kuma matsalar ta gaske ce, domin launin ya fi nuna bayan faɗuwar da kamar minti goma, lokacin da hasken ke bugun cikin girgije daga ƙasa. Ga shi a ƙasarmu rana a tsaye take sauka. Daga taɓa ƙasa zuwa nutsewa minti biyu ne da 'yan kai, bayan minti ashirin da kaɗan duhu ya fara.

Na Landan:
Baba, nan a watan Yuni hasken bayan faɗuwar rana ya fi minti 40, sai ka yi salla ka fito ka same shi. Amma ranar ce ba ma gani, kullum girgije.

Maman Ikram:
Ni dabarata, ina jingina waya a taga in kunna mai ɗaukar hoto a jere ɗin nan, in tafi salla, in na idar in zaɓa. Dama yaran ma ba na barinsu waje da almuru.

Auta:
Anti, ke nan ba ke kika ɗauka ba, taga ce ta ɗauka.

Maman Ikram:
Tagar tawa ce.

Basakkwace:
To hunturu hwa? Ni ina zaton ƙura ita ka sa rana ta yi ja, amma hotunana na Janairu duk hwari-hwari suke.

Malam Na Samaru:
Jan faɗuwar rana iska ce ke yin sa. In rana ta yi ƙasa, haskenta yana ratsa iska mai kauri, shuɗin ya warwatse a hanya, ja da ruwan goro su iso. Ƙurar hunturu ƙwayoyinta manya ne, ba ta zaɓen launi, duka take dushewa. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Cadi, busasshen gindin tsohon tafki ne, ƙasarsa fara. Shi ya sa a Janairu rana kan zama farin faifai ta ɓace cikin hazo tun ba ta kai ƙasa ba. Jan gaske sai iska ta wanku, wato damina da kaka.

Baba Mai Hoto:
Amma kada ka raina hoton hunturu. Faifan nan a bayan giginya, ko shanu suna dawowa cikin ƙura, ni ya fi mini jan da kowa ke bi. Sai dai mai babbar kyamara kada ya canza gilashi a waje, ƙura za ta shige. Kuma ko rana ta dushe, kada a zuƙo ta a sa ido a ramin leƙe, a duba ta sikirin.

Shugabar Zaure:
Na karanta duka. Ga abin da muka tsayar ni da sauran masu kula da zaure. Hoton da Ɗan Dala ya turo ba zai hau fuskar zaure ba, ko don ba mu san mai shi ba. Daga yau, haske da kala da yanke gefe, kowa ya gyara abinsa ba sai ya faɗa ba. Wanda ya ƙara abin da babu, ko ya canza sama, ko ya sa AI ta yi masa, ya rubuta "haɗi" a ƙasa, kuma kada ya sa sunan wuri da rana. Ba mu hana ba.

Auta:
Anti Shugaba, kala fa har ina? In na ja ta har ƙarshe, sama ta koma kalar zoɓo, gyara ne ko haɗi?

Shugabar Zaure:
In ka turo za mu gaya maka.

Ɗan Dala:
Na bi hukunci, amma ni har yanzu hoton ya burge ni. Tunda an ce na gaske a gabas yake, wa zai hau Dala ranar Asabar bayan la'asar? In Allah Ya kawo hadari mu gani da idonmu.

Baba Mai Hoto:
Gwiwata ba ta hawa Dala yanzu, amma ku ji wannan. Kan dutse ba wurin tsayawa ba ne in hadari ya matso. In kun ga walƙiya ku ƙirga, kowane daƙiƙa 3 kafin ƙarar tsawa kilomita ɗaya ne. Ƙirgen bai kai 30 ba, ku sauko, ko baka goma ne a sama. Iskar da ke riga ruwa isowa ma ta isa ta ture mutum.

Auta:
Zan zo. Kuma zan turo guda biyu, wanda na taɓa da wanda ban taɓa ba, Malam ya bambance in ya iya.

Malam Na Samaru:
Turo su, amma ka bar inuwoyin a ciki, kada ka yanke ƙasan hoton.

Baba Mai Hoto:
Ka tafi da ledar da za ka sa wayar dai.